Ina Bayanka

Alhamis, da yamma

Auta ya buɗe ido yau. Alhamdulillahi. Abin da ya fara tambaya wai ina makullansa. Matarsa ta fashe da kuka, ni kuwa dariya ta kama ni har nas ta leƙo ta harare ni. An naɗe wa mutum kai kamar kabeji, hannu a rataye a wuya, amma makullin gwamnati yake cigiya. Na ce masa makullai suna nan ƙalau, sun ma fi shi lafiya.

Ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ni na riga shi shiga aikin gidan yari, ya ga kakina ya biyo ni. Ni ina ɓangaren mata, shi yana na maza. Inna tana zaune a bakin gadon asibitin tun shekaranjiya, sai fifita take yi masa da kwalin magani.

Ba zan rubuta abin da ya faru ranar Talata ba. Ya shiga Dogon Layi, layin ɗakunan fursunonin da yake gadi, shi kaɗai da rana tsaka, aka fito da shi a kan bargo. Wannan ya isa.

Juma'a, da hantsi

Ciyaman ɗin ƙungiyarmu ya tare ni a bakin babbar ƙofa. Mutanen hedikwata sun yarda a zauna a kan maganar albashi da yanayin aiki. Tun bara ake ta jan mu da gobe, jibi, sai da jini ya zuba suka tuna hanyar gidan nan. Yana so in shiga cikin masu zama da su, wai ana buƙatar mace, kuma ana buƙatar mai baki. Na tambaye shi wanne ya fi gani a jikina, ya ce in bar shi ya tafi da mutuncinsa.

Da na gaya wa Baban yara, sai ya ajiye kofin shayinsa ya ce Allah ya ji ƙan mutanen hedikwata.

Rigar kakin Auta tana cikin leda a ƙarƙashin gadona. Ni aka miƙa wa a asibiti, ban ba matarsa ba. Ban buɗe ba.

Asabar, da la'asar

Na zauna ina tsara abin da zan faɗa ranar zama, sai na ga duk magana ɗaya nake ta zagaya wa.

Lokacin da na kama aiki, ba wanda yake shiga layin ɗakunan fursunoni shi kaɗai. Mutum biyu ne: ɗaya ya shiga, ɗaya ya tsaya a bakin ƙofa da makulli a hannu, idonsa a kan ƙeyar ɗan'uwansa. Mai shiga ya ce, “Na shiga.” Na bakin ƙofa ya amsa, “Ina bayanka.” In ba ka ji wannan amsar ba, doka ta hana ka ɗaga ƙafa. Da wannan ake fara koya wa sabon gandiroba, tun kafin a nuna masa yadda ake sara wa oga. Auta har gida ya kai abin. In zai shiga kicin ɗin Inna sai ya daka tsalle ya ce na shiga, ita kuma ta biyo shi da ludayi tana cewa gidanta ba kurkuku ba ne.

Daga baya wasu suka yi ritaya, wasu aka yi musu canji, ba a kawo madadinsu ba. Muka koma mutum ɗaya a layi. Sai ka buɗe ƙofa da kanka, ka kulle da kanka, ka faɗi na shiga a cikin oba-oba, 'yar rediyon da muke magana da juna da ita. Baba, dattijon da ke zaune a ɗakin oba-oba, shi ya fara amsawa daga can, don kada mutum ya ji shirun ya karya masa gwiwa. Ni kaina na sha jin muryarsa ta sa zuciyata ta kwanta. Allah ya saka wa Baba da alheri.

Litinin, da azahar

An yi zaman farko. Ɗaki ne mai dogon tebur da fanka mai kuka, an jera robobin ruwa a gaban kowa. Mu huɗu daga ƙungiya: Ciyaman, Sakatare, Sajan Ƙato da ni. Ba wanda ya shirya, amma duk sai muka zauna bayanmu a bango, fuskarmu a ƙofa. Da kowa ya gama shigowa, Ƙato ya miƙe ya murɗa makulli, ya jijjiga ƙofar ya tabbatar ta kama, ya zare makullin ya sa a aljihu. Mutanen hedikwata suka kalli juna, suka yi tsuru-tsuru. Sai da Ciyaman ya taka masa ƙafa sannan ya gane ba layi yake ba. Ya mayar da makullin yana ba da haƙuri, kunnuwansa kamar za su faɗi don kunya.

Shugaban tawagarsu wani siriri ne mai tabarau. Na zo masa da zafina na dafa shi tun daga gida, sai ga shi kafin ya buɗe jaka ya tambayi wace ce yayar wanda aka ji wa ciwo. Ya yi mini jaje, ya tambayi jikin Auta da na mahaifiyarmu. Raina ya so ya ci gaba da ɓaci, abin ya ƙi. Na gode masa, kuma da gaske nake.

Ciyaman ya kawo buƙatunmu: a ƙara albashi, a ba mu alawus na haɗari, a dawo da mutum biyu a kowane layi. Mai Tabarau ya ce za su duba.

Talata, da rana

Talata ta zagayo. Ban bi ta wajen Dogon Layi ba.

Laraba, da yamma

Na je ɗakin ɗinki karɓo kayan ɓangaren mata, ko da yake ba ni ce mai karɓowa ba. Malam Tela nake son gani. Fursuna ne, ya daɗe a gidan nan har gashinsa ya yi fari a hannunmu. Shi ne ranar ya danne kan Auta da ƙyallen da ke kafaɗarsa, ya yi ta ihu yana dukan ƙarfen ƙofa da ƙafa har aka ji. Likita ya ce da ba a tare jinin da wuri ba, da wani zancen ake yi.

Doka ta hana ni ba shi ko allura. Na tsaya a gaban kekensa na ce na gode, na sake cewa na gode, bakin da Ciyaman yake taƙama da shi bai samo wata kalma ba. Ya ce ba komai, Auta bai taɓa zaginsa ba ko sau ɗaya. Har na juya, ya kira ni a hankali.

“Ranki ya daɗe, kowa a Dogon Layi ya san ba kowa a bayan ƙanenki. Muryar daga aljihunsa take fitowa. Mu da muke zaune ba abin da muke yi sai saurare.”

Na ɗauki kayan na fito, sai a tsakar gida na lura na bar rabinsu a kan teburinsa.

Alhamis, da magariba

Zama na biyu. Sun kawo ƙarin albashin da ya fi abin da muka zata, har Sakatare ya kasa ɓoye haƙoransa. Amma Mai Tabarau ya ce kuɗin da aka ware ba zai ɗauki abu biyu ba. Ko cikakken ƙari, ko a ɗebi sababbin ma'aikata mu kuma mu karɓi ɗan kaɗan. Kuma a ganinsa maganar mutum biyu ba ta taso ba, tunda tsarin yana aiki. Ya ce a ziyarar da ya kawo kwanakin baya ya zauna a ofishin Oga da oba-oba a kunne, safiya guda cur, bai ji an shiga layi ko ɗaya ba tare da an amsa ba.

“Da kunnena na ji,” in ji shi. “Na shiga, ina bayanka. Har na ba da labarinku a wasu gidajen, na ce su yi koyi da ku.”

Ba ƙarya yake yi ba, ba kuma wayo ba ne. Yabonmu yake yi tsakaninsa da Allah. Mu huɗu muka yi shiru, fanka tana ta kuka. In na buɗe baki, Baba na jefa a ruwa, dattijon da ritayarsa ta kusa, domin shi ke amsa abin da bai kamata ya amsa ba. Mu ma duk mun shiga ciki, shekara da shekaru muna ɗaga ƙafa a kan amsar da muka san ba ta gaskiya ba ce. Na haɗiye maganata da ruwan roba. An ɗage zama zuwa mako mai zuwa.

Mai baki ke nan. Haushin kaina nake ji.

Juma'a, da azahar

Labari ya riga mu isa kantin cin abinci. Ina shiga aka yi mini ca. Yawanci cewa suke a karɓi kuɗin, maganar mutum biyu a bar ta sai wani jiƙon. Uwar Biyu, ƙawata tun muna horo, ta ce mai gidan da take haya ba ya karɓar “ina bayanka” a ƙarshen wata. Aka kwashe da dariya, har da ni, don gaskiya ta faɗa. Ni ma rufin ɗakin yara yana yoyo, kuma Baban yara bai taɓa yi mini gori ba, wanda shi ya fi ci mini rai.

Wani ya ce a bayana ai saboda ƙanena ne nake kafewa. Na juya na ce masa ƙwarai kuwa, saboda ƙanena ne, shi kuma ya je ya tambayi matarsa ko ƙanen wani ne shi. Amma ban ji daɗin yadda na faɗa ba.

Ban bi ta wajen Dogon Layi ba.

Asabar, da yamma

An sallami Auta. Muka kai shi gidan Inna don matarsa tana da jariri a hannu. Alhamdulillahi, yana tafiya da ƙafarsa, yana cin abinci, har ya yi ƙorafin gishiri ya yi kaɗan. Amma iska ta buga ƙofar banɗaki, na ga yadda kafaɗarsa ta zabura. Ya shiga kicin shan ruwa, bai ce komai ba a bakin ƙofa. Na ga Inna ta ɗaga kai tana jira, sannan ta mayar da idonta kan wankin da take yi.

Auta ya ce da zarar likita ya yarda zai koma aiki. Ba shi da wata sana'ar, kuma ba ya so a ce an kore shi daga layinsa. Da zan tafi Inna ta rako ni har bakin titi, abin da ba ta saba yi ba. Ba ta tambaye ni nawa za a ƙara ba. Cewa ta yi, “In ya koma, wa zai tsaya masa?”

Na ce mata ana kan magana.

Lahadi, da hantsi

Baba ya zo gaida Auta, da lemo a leda. Na same shi a can. Ya rame, idanunsa sun faɗa. Ya zauna a bakin kujera yana ta juya hularsa, ya kasa kallon bandejin. Auta ne ma yake ta tsokanarsa, wai muryarsa ta fi ta mai karanta labarai daɗi.

A waje Baba ya riƙe ni. Ya ce ranar shi ya amsa wa Auta. Ya ce masa ina bayanka, alhali ƙofofi ne a kulle tsakaninsu, kuma ko da gudu ya tashi gwiwoyinsa ba za su kai shi ba. Tun ranar in ya buɗe baki zai amsa wa wani sai maƙogwaronsa ya bushe. Ya ji abin da aka faɗa a zaman Alhamis, ya kuma san dalilin da ya sa muka yi shiru.

“'Yata, ki faɗa musu. In fanshon ne, su taɓa. Ni dai daga gobe ba zan ƙara cewa ina bayan wanda ba na bayansa ba.”

Na karɓi hularsa na kaɗe masa ƙurar da babu. Ban taɓa jin nauyin mutum da ƙaunarsa lokaci guda kamar yau ba.

Litinin, da la'asar

Doka ta hana mu yajin aiki, kuma ba mu yi ba. Kowa ya zo a kan lokaci, kaki a goge. Na farko ya isa bakin layinsa ya ce na shiga, oba-oba ya yi shiru. Ya sake faɗa, shiru. To doka ta ce ba a ɗaga ƙafa sai an amsa, sai ya tsaya. Na gaba ma ya tsaya.

Ƙato ne ya zama na biyun kowa a ɓangaren maza. Daga wannan layi zuwa wancan yake ta haki, ya tsaya wa wannan ya fito, ya ruga wajen wancan. Abincin safe bai gama shiga ba sai da rana ta take, ɗakin ɗinki bai buɗe ba, motar kotu ta tafi a makare. Oga ya fito yana ta faɗa, amma ya rasa wanda zai hukunta, tunda dokarsa muke bi. Abincin da ya makara ya dame ni. Malam Tela yana cikin masu jira, kuma ba laifinsa ba ne.

Abin da ya ba ni mamaki, waɗanda suka yi mini ca ranar Juma'a su ma sun tsaya. Uwar Biyu ta tsaya a bakin layinmu tana zagina ƙasa-ƙasa har na zo na amsa mata. Ta ce kada in ɗauka ta canza ra'ayi. Na ce ban ɗauka ba, ta dai shiga ina bayanta.

Talata, da yamma

Haka aka yi yau ma. Ƙafafun Ƙato sun kumbura. Na kai masa man zafi.

Laraba, da magariba

Mai Tabarau ya zo da kansa, ransa a ɓace, yana tambayar wane irin wasa ne wannan ana tsakiyar magana. Ciyaman ya kalle ni. Na roƙe shi ya biyo ni, ba sai mun zauna ba.

Na kai shi bakin Dogon Layi. Tun ranar ban taka wajen ba. An wanke simintin, amma na san inda zan kauce wa kallo. Gandiroban da ke wurin ya danna oba-oba ya ce na shiga. Muka tsaya, ba amsa. Ta cikin ƙarafuna ana ganin idanu suna kallonmu, layin ya yi tsit. Mai Tabarau ya waiga hagu da dama, ya tambayi ina wanda ya ji yana amsawa rannan. Na ce ya zo in kai shi.

Muka kama hanya. Kowace ƙofa sai na buɗe, mu wuce, in kulle, in jijjiga, sannan mu nufi ta gaba, don ba a barin biyu a buɗe lokaci guda. Ban yi sauri ba, ban kuma ja ƙafa ba. Muka tsallaka tsakar gida, muka hau bene. Kafin mu kai gumi ya jiƙa masa wuyan riga, ya daina tambaya. Na tura ƙofar ɗakin oba-oba, Baba ya miƙe da ƙyar ya sara masa.

Na ce, “Ranka ya daɗe, ga na bayan ƙanena.”

Ya cire tabarau ya goge da gefen riga. Baba ya fara ba da haƙuri, Mai Tabarau ya ɗaga masa hannu ya ce ya zauna.

“Kun rufa mana asiri har kun cuci kanku,” ya ce. “Mu kuma muka ji daɗin rufin.”

A hanyar komawa shi ya riƙa tsayawa yana jira in kulle.

Juma'a, da yamma

An gama. Ƙarin albashin kaɗan ne, ba zai rufe ɗakin yara bana ba. Alawus na haɗari an ce sai baɗi, kuma na san halin baɗin hedikwata. Amma za a ɗebi sababbin ma'aikata, kafin su iso kuma an fito da na ofis su riƙa tsayawa a ƙofa. Ba mai sake shiga layi shi kaɗai, kuma amsar oba-oba ba amsa ba ce. Mai Tabarau ya ce ba abin da zai taɓa fanshon Baba.

Da aka kai wa taron ƙungiya an amince, amma ba kowa ya ɗaga hannu ba. Akwai waɗanda suka daina gaishe ni, kuma ban ga laifinsu ba. Uwar Biyu ba ta ɗaga ba. Da muka fito ta ce ni zan biya mata kuɗin mota har ƙarshen wata, ta kama hannuna muka tsallaka titi.

Na gaya wa Baban yara abin da aka samu ina satar kallon fuskarsa. Ya ce bokitin da muke tarar yoyo ai bai huje ba tukuna. Na yi sa'ar mutumin nan, ko da yake ba zan gaya masa ba.

Na ciro ledar daga ƙarƙashin gado na wanke rigar. Sai da na canza ruwa da yawa. Wuyan ya yage, na sa ta cikin kayan gyara da ake kaiwa ɗakin ɗinki.

Litinin, da safe

Na yi makonni ban yi rubutu ba. Sababbin ba su iso ba har yanzu, na ofis kuma sai ƙunƙuni suke yi rana tana dukansu, amma suna tsayawa.

Yau Auta ya koma. Ya sa rigar nan. Malam Tela ya gyara wuyan da ɗinki ƙanana, sai ka matso za ka gane. Inna ta ce da zai fita bai yi mata sallamar kirki ba, ita ma ba ta matsa ba. An yi masa tayin ofis, ya ce Dogon Layi yake so.

Ina bakin ƙofar ɓangaren mata da oba-oba a hannu, ina yi kamar makullai nake dubawa. Sai na ji an danna. Muryarsa ta ɗan dushe.

“Na shiga.”

Baba bai amsa ba. Gabana ya faɗi duk da na san haka aka shirya. Auta bai saki maɓallin ba, ina jin numfashinsa. Sai daga can bayansa, ta cikin oba-obansa shi kansa, na ji muryar Ƙato, da ƙarar makullai a hannunsa.

“Ina bayanka.”

Uwar Biyu ta miƙo mini gefen ɗankwalinta ba tare da ta kalle ni ba. Na share fuska, na buga wa Inna na gaya mata wanda ya tsaya masa.